Kalmomin Hauka a Harshen Yunanawan Dauri

Yunanawan dauri ba su tara hauka cikin kalma ɗaya ba. Kowace kalma tana nuna inda suka ɗauka cutar ta fito, da kuma wanda alhakin ɓarna zai hau kansa.

A cikin waƙar Iliyad ta Homa, wadda ake danganta ta da ƙarni na 8 kafin Miladiyya, akwai "ate", watau rufewar basira. Sarki Agamemnon ya ɗora wa ate laifin ƙwace baiwar Akilis, amma duk da haka ya biya diyya. Ke nan uzurin bai kankare masa alhaki ba. Akwai kuma "lussa", hasalar mayaƙi a fagen fama, wadda masana da yawa suke danganta ta da sunan kyarkeci. Ita ce kuma sunan ciwon da Bahaushe yake kira haukan kare. "Oistros" kuwa ƙuda ne mai cizon shanu, sai aka ari sunansa don haukan da ke hana mutum zama wuri ɗaya.

Kalmar da ta fi yaɗuwa ita ce "maniya". Daga tushenta aka sami sunan matan da ke bin abin bautarsu Diyonisus cikin duwatsu, waɗanda Yurifidis ya nuna a wasansa Bakkai, da aka fara yi bayan rasuwarsa a shekarar 406. Aflatun, a littafinsa Faidurus, ya raba maniya biyu: ta cuta da ta baiwa. Ta baiwar ya kasa ta huɗu: ta duba, ta tsarkakewa, ta waƙa, da ta soyayya.

Likitocin makarantar Abuƙrat suka sauya akalar maganar. Littafinsu a kan farfaɗiya, na wajajen shekarar 400, ya musanta cewa alloli ne ke jefo ta, ya ce daga ƙwaƙwalwa take, haka ma hauka. Su ne suka yaɗa "melankoliya", watau rinjayen baƙin ruwan matsarmama, kalmar da likitocin Larabawa suka ara daga baya.

Saboda haka mai fassara da ya mai da waɗannan kalmomi duka "hauka" ya binne muhawarar da Yunanawa suka daɗe suna yi: shin mai taɓuwa abin zargi ne, ko majinyaci, ko mai baiwa?