Tambuwal da Kebbe: Yadda 'Yan Kasuwa Ke Kai Kukansu Sama

Motar da ta ɗauko albasa ko shanu daga Sakkwato za ta yi kudu ta Jega, sai ta wuce Shagari ta ratsa Tambuwal. Haka abin yake tun kafin zuwan mota. A farkon ƙarni na 19 Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a Tambuwal yana tsaron wannan gefen daular Sakkwato, kuma ta ƙasarsa fatake ke bi zuwa kasuwar Jega, inda goron Gwanja ke haɗuwa da gishiri, tufafi da fatun jar akuya.

A wancan zamani madugu ne bakin 'yan kasuwa. In ayari ya sauka a zango, shi ke zuwa fada da gaisuwa, ko turmin zane ko ƙwaryar goro, ya daidaita abin da za a biya, ya nemi 'yan rakiya in daji ya ɓaci. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun ɗora wa ayari nasu harajin, sun soke shi a 1907. Amma ɗabi'ar ta zauna daram: mai kuka yana neman mutumin da ya sani ne, wanda zai iya durƙusawa gabansa ya ce masa ranka ya daɗe.

Yankin kuwa bai taɓa rasa irin waɗannan mutane ba. Ibrahim Dasuki, haifaffen Dogon Daji a 1923 kuma jinin gidan Buhari, ya riƙe hukumar sayen amfanin gona ta Arewa, wadda ke yanka farashin gyaɗa da auduga, sannan ya shugabanci hukumar jiragen ƙasa, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1988. Ga abin lura: dogo ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929, kuma har yau bai iso Sakkwato ba. Ashe samun naka a sama bai isa ya jawo ƙarfe zuwa gida ba.

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, sai aka ƙara wani zaure da ake kai kuka, wato na ɗan majalisa. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta tura Aminu Waziri Tambuwal Majalisar Wakilai a 2003. Ranar 6 ga Yunin 2011 ya zama Kakaki da ƙuri'a 252, duk da jam'iyyarsa ta PDP wata take so, Mulikat Akande-Adeola, wadda ta sami 90. Bayansa Abdussamad Dasuki, wanda ya fito daga kamfanin Ɗangote, ya karɓi kujerar a 2015, Bala Kokani ya karɓe ta a 2019, Abdussamad ya dawo a 2023.

Wanda ya taɓa ganin gidan ɗan majalisa a hutun salla ya san yadda ake yi. Tun da hantsi takalma sun cika ƙofar zaure. Shugaban 'yan kara, dillalan hatsi da wakilin direbobi kowa na jiran layi, wani da takarda a ninke cikin aljihun babbar riga. Sai an gama gaisuwa da addu'a ake shiga magana: titi ya mutu, shingayen jami'ai sun yi yawa, taki bai zo kan lokaci ba, rumfunan kasuwa na yoyo. Rabin waɗannan ma aikin ƙaramar hukuma ne ko na jiha, amma wa zai tsaya tantancewa alhali Honarabul na gari?

Wani kukan yakan karɓu, a makare. Titin Sakkwato zuwa Tambuwal, Jega da Makera, wanda aka bayar da kwangilarsa tun zamanin Shugaba Jonathan, sai a ƙarshen 2021 gwamnatin tarayya ta miƙa shi. Tambuwal ta amfana don tana bakin kwalta. Kebbe kuwa tana can ciki, ta yi iyaka da Zamfara da Jihar Kebbi, kuma a 'yan shekarun nan damuwar manominta da mai sayen hatsinta ta koma ta 'yan bindiga. Kujera ɗaya ce, buƙatun ba ɗaya ba.

A 2021 aka ga wata hanyar dabam. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan cikin Fabrairu, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta hana kaya zuwa kudu, aka riƙa tsare manyan motoci a Jebba. Cikin 'yan kwanaki tumatir ya yi tsada a Legas, a Arewa kuma yana ruɓewa a kwando. Ba a zauren majalisa aka sasanta ba. Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, shi ya shiga tsakani aka janye a farkon Maris. A watan Yuni kuma 'yan albasa, ƙarƙashin shugabansu Aliyu Maitasamu, suka sanar daga Sakkwato cewa su ma sun dakatar da lodi zuwa kudu saboda asarar motoci da kayan da mutanensu suka yi.