Yadda ZX Spectrum ta yi ta ƙaura daga gida zuwa gida

A ranar 23 ga Afrilu, 1982, kamfanin Sinclair Research da ke birnin Kambirij na ƙasar Ingila ya fito da wata 'yar kwamfuta baƙa mai maɓallan roba guda 40, ya sa mata suna ZX Spectrum. Mai ma'adanar kilobait 16 fam 125 ce, mai kilobait 48 kuma fam 175. Ba ta zo da allon kallo ba, a jikin talabijin ɗin falo ake jona ta. Ba ta da faifan ajiya, da kaset da rikoda irin na sauraren waƙa ake ɗora mata manhaja, mutum ya zauna kusan minti 5 yana jin ƙara mai kama da kukan gyare kafin wasa ɗaya ya hau. An sayar da sama da miliyan 5 kafin a daina ƙera ta a 1992.

Yau shekara fiye da 30 ke nan da rufe wannan babi, amma wanda yake son buga Manic Miner, wasan da Matthew Smith ya rubuta a 1983, zai iya buga shi a Linux, ko Windows, ko Mac, ko wayar Android. Abin da ya sa haka shi ne wata irin manhaja da za mu kira makwaikwayi: manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta yi kamar ita ce tsohuwar, har tsohon shiri ya hau kanta bai san an sauya masa gida ba. Sai dai shi ma makwaikwayin manhaja ne, yana zaune ne a kan wata babbar manhaja irin su DOS ko Windows, kuma idan wannan ta shuɗe yana iya shuɗewa tare da ita. Tarihin makwaikwayan Spectrum tarihi ne na yadda aka gano wannan tarko, da yadda aka koyi tsallake shi.

Dabarar ta girmi kwamfutocin gida. Lokacin da IBM ya sanar da jerin kwamfutocinsa na System/360 a 1964, abokan cinikinsa sun riga sun kashe dukiya wajen rubuta manhajoji don tsofaffin injuna irin su IBM 1401. Ba wanda zai sayi sabo idan hakan na nufin zubar da duk wannan aiki. Sai injiniyoyin kamfanin suka sa sabon inji ya riƙa kwaikwayon tsohon. Tun daga tushe ke nan, dalilin kwaikwayo shi ne manhaja ta fi injin da aka rubuta ta dominsa tsawon rai da daraja.

Kwaikwayon Spectrum a takarda abu ne mai sauƙi. Zuciyarta firosesa ce mai suna Z80 ta kamfanin Zilog, wadda ta fito a 1976, tana bugawa sau miliyan 3.5 a daƙiƙa. Mai rubuta makwaikwayi zai ware wani yanki na ma'adanar sabuwar kwamfuta ya ce wannan shi ne ma'adanar Spectrum, sannan ya rubuta shirin da zai riƙa ɗauko umarni ɗaya bayan ɗaya yana aikata abin da Z80 za ta aikata. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta mai ƙwazo zai iya kai wa nan cikin 'yan makonni. Wahalar tana wajen lokaci. A Spectrum mai kilobait 48, hoto ɗaya na talabijin yana cin bugu 69,888 daidai, wato layi 312 kowanne bugu 224. Akwai kuma wata ƙwayar lantarki da kamfanin Ferranti ya ƙera, ana kiranta ULA, ita ke zana hoton. Idan ita da firosesa suka nemi yanki ɗaya na ma'adana a lokaci guda, firosesa ce ke dakatawa. Masu rubuta wasanni sun haddace wannan jinkiri, suka riƙa sauya launi a daidai lokacin da hasken talabijin ya iso wani layi, don su samu abin da injin bai kamata ya iya ba. Makwaikwayin da ya kuskure da bugu kaɗan sai ka ga hoto ya karkace ko wasa ya tsaya cak.

Makwaikwayin da ya fara shahara sosai shi ne wanda wani ɗan ƙasar Holan, Gerton Lunter, ya rubuta don MS-DOS, ya kuma sa masa sunan firosesar, Z80. A farkon shekarun 1990 kwamfutocin ofis ba su fi Spectrum sauri da nisan da za a yi almubazzaranci ba, don haka dole a matse kowane bugu. An rubuta zuciyar shirin da yaren inji na firosesar Intel, kuma yana magana kai tsaye da katin hoto da na sauti da agogon kwamfuta, domin a DOS shiri ɗaya ne ke riƙe da gida gaba ɗaya, ba mai tambayarsa. Wannan ne ya ba shi sauri, ya sa mutane da yawa suka kwashe tsofaffin kasusuwansu zuwa faifai. Wannan ɗin dai shi ne ya ɗaure shi. Windows mai bit 64 ba ya karɓar shirye-shiryen DOS. Wanda yake son ganin aikin Lunter na DOS a yau sai ya fara ɗora DOSBox, makwaikwayin DOS da ya fito a 2002, sannan ya sa Z80 a cikinsa: tsohuwar kwamfuta a cikin makwaikwayi, shi kuma a cikin wani makwaikwayin.

Abin da ya tsira daga wannan zamani ba tare da wahala ba shi ne tsarin fayil. Lunter ya fito da tsarin .z80, wanda ke ɗaukar hoton duk abin da ke cikin ma'adanar injin a daidai wani lokaci, ya kuma rubuta bayanin yadda aka jera shi dalla-dalla. Akwai wani da ya girme shi, .sna, mai bait 49,179: bait 27 na halin da firosesa take ciki, sauran 49,152 kuma ma'adana. Daga baya Tomaz Kac ya tsara TZX, wanda ke adana tsawon kowane sauti da ke kan kaset, har da dabarun da kamfanoni suka saka don hana kwafi. Tunda bayanin waɗannan tsare-tsare a buɗe yake, duk wanda ya zo rubuta sabon makwaikwayi a kowace babbar manhaja yana iya karanta su. Fayil ɗin da aka ajiye a DOS a 1994 yana buɗuwa a waya yau.

Su kuwa masu amfani da Unix, a jami'o'i da ɗakunan bincike, tun farko ba su da zaɓin rubutu da yaren inji ɗaya, saboda injunansu iri-iri ne: na Sun daban, na DEC daban, na Intel daban. Dole suka rubuta da yaren C, wanda ake iya fassarawa zuwa kowace firosesa. A lokacin an ɗauki wannan a matsayin rauni, don ya fi nauyi. VICE, makwaikwayin Commodore 64 da wasu 'yan ƙasar Finlan suka fara a 1993, a Unix aka haife shi kafin a kai shi DOS da Windows da Mac. A ɓangaren Spectrum, Philip Kendall ya fara Fuse a 1999, ya sake shi a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karanta rubutun shirin, ya gyara, ya rarraba.

Abin lura a Fuse shi ne yadda aka raba aikin gida biyu. Sashe ɗaya shi ne Spectrum tsantsa: firosesa, ULA, ma'adana, lissafin bugu. Wannan sashe bai san a kan wace kwamfuta yake ba. Ɗaya sashen kuma siriri ne, shi ke magana da mai masauki: ya zana hoto a allo, ya fitar da sauti, ya karɓi abin da aka danna. Karatun fayiloli ma an cire shi an mai da shi laburare mai zaman kansa, libspectrum. Don haka da Fredrick Meunier ya tashi kai Fuse kan Mac, bai sake gina Spectrum ba, sashen masaukin ya rubuta. Haka aka yi aka kai shi Windows da AmigaOS da na'urorin wasa irin su Wii da PSP.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar shiri daga wata babbar manhaja zuwa wata ya san cewa a wannan siririn sashe ne ake zufa. Z80 tana ajiye lamba mai bait 2 da ƙaramin bait a gaba, kamar Intel, amma firosesar PowerPC da ke cikin Mac na wancan lokaci babban bait take sa wa a gaba. Shirin da ya ɗauka duniya duk Intel ce sai ya karanta lambobi a juye. Spectrum tana zana hoto sau 50 a daƙiƙa, irin talabijin ɗin Turai, alhali yawancin allunan kwamfuta sau 60 suke yi, don haka sai an yi dabara kafin motsi ya tafi sumul. A Linux ko Windows shiri ba shi kaɗai ba ne a gida, yana jiran layi ne tare da wasu, saboda haka makwaikwaya da yawa suna ɗaure saurinsu da katin sauti, tunda shi ba ya jira. Ga kuma maɓallai. A Spectrum, danna J a farkon layi yana rubuta kalmar LOAD gaba ɗayanta, kuma alamar zance tana kan P tare da wani maɓalli da babu irinsa a kwamfutocin yau. Dole mai ƙaura ya yanke shawarar inda zai ajiye shi.

Akwai kuma abin da fasaha ba ta iya warwarewa. Spectrum ba ta tashi sai da shirin da ke cikin ROM ɗinta mai kilobait 16, kuma wannan shiri yana da mai shi. Kamfanin Amstrad na Alan Sugar ya sayi harkar kwamfutocin Sinclair a 1986 kan fam miliyan 5. Abin da ya taimaki Spectrum shi ne Amstrad ya yarda a rarraba ROM ɗin tare da makwaikwaya, muddin ba a goge sanarwar haƙƙin mallaka ba, kuma ba a sayar da shi ba. Kwamfutoci da dama na wancan zamani ba su samu irin wannan sassauci ba. Duk da haka, wannan izini bai cika sharuɗɗan Debian na manhaja mai 'yanci ba. Shi ya sa a Debian, Fuse yana babban rumbu, ROM na asali yana wani rumbu na gefe, kuma akwai madadinsa mai 'yanci da ake kira OpenSE BASIC. Mai ɗora Fuse a Linux karon farko yakan yi mamakin ganin fuskar da ba ta Sinclair ba, dalilin ke nan.

Makwaikwayan da aka gina don gida ɗaya ba su ƙare ba. Spectaculator da ZX Spin don Windows aka rubuta su, kuma mai Linux da ke son irinsu yakan bi ta Wine, shirin da aka fara a 1993 don fassara buƙatun manhajar Windows zuwa na Unix. Wani lokaci a dace, wani lokaci sauti ya riƙa sarƙewa. A ɓangaren Apple kuwa ƙasa ta sha motsawa: an koma Intel a 2006, an cire Rosetta mai gudanar da shirye-shiryen PowerPC a 2011, an daina karɓar manhaja mai bit 32 a 2019, aka kuma koma firosesar Apple ta kansa a 2020. A kowane mataki, makwaikwayin da marubucinsa ya daina kula da shi, kuma ba a saki rubutunsa ba, nan ya tsaya. Wanda rubutunsa ke hannun jama'a, wani ya ɗauka ya sake fassara shi.

Kada a ɗauka maganar wasannin yara ce kawai. A 1986 BBC ta kammala wani gagarumin aiki na cika shekara 900 da littafin Domesday, kundin ƙidayar filaye da dukiyar Ingila na 1086. Makarantu da dubban mutane suka tattara hotuna da taswirori da bayanin garuruwansu, aka zuba a faifan LaserDisc da sai wata kwamfutar BBC Master ta musamman ke karantawa. Kafin a cika shekara 20, injunan da ke iya buɗe shi sun kusa ƙarewa, alhali littafin 1086 da aka rubuta a kan fata yana nan ana karanta shi. Sai a 2002 masu bincike daga jami'o'in Leeds da Michigan, a wani shiri mai suna CAMiLEON, suka nuna an buɗe shi ta hanyar makwaikwayi. Masu rubutun Hausa ma sun ɗanɗani ƙanin wannan ciwo: takardun da aka buga da haruffan musamman kafin Unicode ya yaɗu, idan aka buɗe su a wata kwamfuta, ƙ da ɗ da ɓ sukan rikiɗe su koma wasu alamomi.

Clive Sinclair ya rasu a watan Satumba na 2021. A 2024 Zilog ya sanar da daina ƙera Z80 ta asali, bayan shekara 48. Injunan Spectrum da suka rage suna tsufa, maɓallansu na mutuwa, kasusuwan kuma suna lalacewa a cikin akwatuna. Abin da ke riƙe da injin yanzu abubuwa uku ne da aka tara cikin shekaru: cikakken bayanin yadda yake aiki har zuwa bugu ɗaya, tsarin fayil da kowa ke iya karantawa, da rubutun shiri da aka raba shi da kowane masauki. Mu da ke rubuta manhaja a yau, yawancin aikinmu a kan Android ko wani dandali na kamfani yake zaune, kuma masu dandalin suna sauya dokokinsa duk shekara. Idan muna son wani ya iya buɗe abin da muka gina nan da shekara 40, waɗannan abubuwa ukun ne za mu bar masa.