Bududdugi: Kwaɗon fadamun Katagum mai dangi a Asiya

Da zarar damina ta kankama, kududdufan Azare da fadamun kogin Jama'are a ƙasar Katagum, Jihar Bauchi, kan cika da kukan kwaɗi. Daga cikin mafiya girmansu akwai bududdugi, wanda masana ke kira Hoplobatrachus occipitalis. Tsawonsa kan haura santimita 10, idanunsa suna can saman kai, kuma akwai wani layi da ya gitta a bayansu, wajen ƙeya. Kalmar occipitalis ta Latin ƙeya take nufi.

Masana kan raba halittu zuwa dangi, dangi zuwa rukuni, rukuni kuma zuwa nau'i. Bududdugi yana cikin dangin Dicroglossidae, a ƙaramin rukunin Hoplobatrachus da masanin Jamus Wilhelm Peters ya raɗa wa suna a 1863. Kafin nan, a 1858, Albert Günther ya bayyana shi a Landan da sunan Rana occipitalis. Daga baya an mayar da shi rukunin Dicroglossus, kafin a tsayar da shi inda yake a yau.

Sauran 'yan rukunin duk a Asiya suke: tigerinus da crassus a Indiya da maƙwabtanta, chinensis a kudancin Sin da kewaye. An ƙara litoralis daga Bangaladash a 2012, sai salween a 2022. A da, da kamannin jiki ake rarrabe su. Yanzu ana haɗawa da sautin kuka da gwajin ƙwayoyin gado. Irin wannan gwaji da aka wallafa a 2001 ya nuna cewa daga Asiya kakannin bududdugi suka shigo Afirka.

Wannan rarrabewa tana da amfani a aikace. Bududdugi ne kan gaba cikin kwaɗin da ake kamawa a Afirka ta Yamma, a busar ko a ƙyafe, a kai kasuwannin kudancin Nijeriya. Shi kuwa ƙwari yake ci, 'ya'yansa kuma kan cinye tsutsar sauro da 'ya'yan wasu kwaɗi. Sai an san nau'in da ake kwasa daga fadama sannan za a iya auna ko yana raguwa, da abin da raguwarsa za ta jawo wa manomi da mazauna bakin ruwa.