Daga Agana Zuwa Sanƙarau: Tarihin Tabon da ke Damtsenmu

Duk ɗan Anka, Gummi ko Bukkuyum da ya kai shekara sittin, idan ya naɗe hannun rigarsa, da wuya a rasa wani ɗan tabo a damtsensa. Wannan tabo shi ne lamba, kuma yana ɗauke da tarihin da ya kamata 'ya'yanmu mazauna birane su sani.

Muna yara, babu sunan da ke razana iyayenmu kamar agana. Wanda ta bari da rai yakan tashi da zanzana, wani ma da makanta. Amma dattawa sun daɗe da lura cewa wanda ya yi ta sau ɗaya, ba ta sake kama shi. A kan irin wannan lura aka gina ilmin rigakafi. A shekarar 1796, wani likita a Ingila mai suna Edward Jenner ya shafa wa wani yaro ruwan ƙurjin wata cuta mai sauƙi ta shanu, daga bisani agana ta kasa kama yaron.

Dalili kuwa shi ne, garkuwar jiki tamkar dakarun da ke tsaron ƙofar gari ce a zamanin ganuwa: maharin da suka taɓa gani ba ya sake shammatarsu. Saboda haka masana kan raunana ƙwayar cuta, ko su kashe ta, ko su ɗebi wani ɓangare nata, sannan a ba mutum. Jiki ya ga kamanninta, ya ƙera makaman da suka dace da ita, ya kuma riƙe ta a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a kai ga jama'a, sai an gwada maganin a ɗakin bincike, sannan a kan mutane kaɗan, sannan ɗaruruwa, sannan dubbai, kana hukuma ta amince.

A 1967 aka ɗaura yaƙi da agana a Afirka ta Yamma. Ina tuna ranar da aka jera mu a rana, ma'aikata na bin mu da wata na'ura da muke kira bindiga. Zuwa 1970 cutar ta ƙare a Nijeriya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta kawar da ita baki ɗaya.

Shan inna ta fi jan lokaci, domin a 2003 shakku ya sa aka dakatar da rigakafinta a wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa. Sai a 2020 aka tabbatar da kawar da asalin nau'inta daga Afirka.

Sanƙarau kuwa ya koya mana wani darasin. Rigakafin da ya iso Nijeriya a 2011 ya karya lagon nau'in A, amma a 2017 nau'in C ya ɓarke, kuma Zamfara ce ta fi ɗanɗana kuɗarsa, domin dakarun jiki ba su san fuskar wannan baƙo ba. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafi mai tare nau'i biyar.

'Yan'uwa, maganarku tana da nauyi a gida. Idan kun zo sallah, ku tambayi katin rigakafin yaran gidanku kamar yadda kuke tambayar sakamakon jarrabawa. Jikokinmu ba su san agana ba, don kuwa iyayenmu sun yarda sun miƙa damtsenmu.