Hanyoyin Salwantar Naitirojin a Gonaki da Makiyayar Malanville, Jamhuriyar Benin

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi hanyoyin da naitirojin ke barin ƙasa a Malanville, ta jingina da binciken da aka riga aka yi a yankin Sahel. Matsayinta shi ne, lokacin zuba taki da yadda ake zuba shi sun fi yawansa tasiri a kan abin da shuka ke samu.

Gabatarwa

Malanville tana jihar Alibori, a bakin Kogin Neja, tana kallon Gaya a ɗaya gaɓar. A fadama, kusa da inda Kogin Sota ke zuba, ana noman shinkafa da albasa; a tudu kuwa gero da dawa da auduga, kuma nan shanun Fulani ke kalar kara bayan kaka. A 1990 Stoorvogel da Smaling sun ƙiyasta cewa kowace hekta ta noma a ƙasashe 38 na Afirka kudu da Sahara tana asarar kimanin kilo 22 na naitirojin a shekara. Taron Abuja na 2006 ya nemi a ɗaga takin zamani daga kilo 8 zuwa 50 a hekta. Amma ƙara ruwa a hudajjen tulu ba ya cika shi.

Fadamar shinkafa

Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce. Idan manomi ya watsa ta a kan ruwan fage da rana tsaka, tana narkewa ta koma amoniyam. Gansakuka na ta shan iskar kabon, ruwan ya ƙara zama mai kanwa-kanwa, sai amoniya ta tashi sama. Wani ɓangaren kuma yakan zama naitiret a fatar ƙasa, ya gangara cikin taɓon da babu iska, ƙwayoyin halitta su mayar da shi iskar naitirojin. Shi ya sa shinkafar da aka watsa wa yuriya ba ta cika cin fiye da kashi 30 zuwa 40 ba. Cibiyar IFDC ta daɗe tana yaɗa dabarar cusa dunƙulen yuriya santimita 7 zuwa 10 cikin taɓo, tsakanin gindi huɗu, kwanaki kaɗan bayan dashe. Dabarar tana aiki, sai dai tana cin ƙwadago, kuma wanda ya yini a duƙe cikin fage ya san kuɗin bayansa.

Tudu da makiyaya

Nan lissafin ya fi wuya. Saniya tana ci a daji ta kwana a gona, don haka abin da gona ta samu daji ne ya rasa. Kashi yana riƙe naitirojin ya sake shi a hankali, fitsari kuwa akasarin naitirojin ɗinsa yuriya ne, cikin 'yan kwanaki yake tashi idan ya faɗi kan busasshen yashi mai zafi. Duk da haka, gwaje-gwajen masu binciken cibiyoyin ILRI da ICRISAT a yammacin Nijar sun nuna gero ya fi yi inda dabbobi suka kwana fiye da inda aka kwaso kashi kawai aka baza, domin mai kwasar taki da amalanke ya baro fitsarin a turke. Tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi, kara a bakin taki, tana da hujjar kimiyya kenan, kuma hana kiwon ƙetare iyaka da Benin ta yi a ƙarshen 2019 ya cancanci a auna shi ta wannan fuskar ma.

Sai ruwan farko. Mai bincike Birch ya bayyana tun 1958 cewa busasshiyar ƙasa tana sakin naitiret da yawa da zarar ta jiƙa. A jigawa, idan shuka ta makara, ruwan da ke biye yakan wanke naitiret ɗin ƙasa da inda saiwar gero za ta kai. Ƙona kara da bambaro kafin shuka yana aika kusan duk naitirojin ɗinsu cikin hayaƙi, toka ta bar ma'adinai irin su fotash da ɗan fosfaras.

Don tabbatar da waɗannan asarori a Malanville, aunawar da ta fi gaggawa ita ce ta amoniya a fagen shinkafa cikin mako guda bayan zuba yuriya, da ta naitiret a zurfin mita ɗaya a gonakin da shanu suka kwana, daga ruwan farko zuwa noman fari.