Ladi Kwali

Ladi Kwali maginiyar tukwane ce 'yar ƙabilar Gwari, an haife ta wajajen 1925 a ƙauyen Kwali, yankin Abuja a Najeriya. Tun tana ƙarama ta koyi sana'ar a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Takan murɗa yumɓu kamar igiya, ta ɗora shi zobe bisa zobe har randa ta tashi, sannan ta tsaga mata zanen kunama, kada, ƙadangare, hawainiya ko kifi. Kyawun hannunta ya sa Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa, inda Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su.

A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma ita ce mace ta farko a wurin. An baje kolin ayyukanta a Landan. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira ashirin.