Kogin Tomas da Tarihin Su a Ƙasarmu

Matasanmu na Dambatta da Makoɗa da suka taso suka tarar da Dam ɗin Tomas cike da ruwa rani da damina, da wuya su yarda cewa a da kogin nan na 'yan watanni ne kawai. Yakan kawo ruwa da damina, ya gangara arewa maso gabas, can ya nutse cikin rairayi. Kaka na wucewa sai ya tsinke, ya bar gurabu nan da can, inda tarwaɗa da karfasa ke taruwa. Ita kuwa gaiwa sai ta shige cikin laka ta kwanta, har ruwan sabuwar shekara ya tashe ta, in ba a riga an tono ta ba.

Saboda haka su a wurin kakanninmu aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona rumbu. Kuma ba a faɗa wa gurbi da ka. Sarkin ruwa ne ke tsayar da rana, a yi shela, jama'ar ƙauyuka su hallara da koma da gora, yara kuma su tsaya a gefe da fatsa. Wasu kan ɗauki wannan hani a matsayin camfi, amma a ganinmu dabara ce ta barin kifi ya girma. Irin wannan doka ce ta tsare Matan Fada a Argungu, inda bikin su ya shahara tun 1934. Ko a Ingila, masu kama kifi da ƙugiya mai siffar ƙwaro a Kogin Test suna da ƙungiya tun 1822, kuma suna da lokacin da ba a jefa ƙugiya.

Sauyi ya zo ne bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Marigayi Alhaji Audu Bako, Allah Ya jiƙansa, ya duƙufa wajen datse koguna, farin da aka sha a farkon shekarun 1970 kuma ya nuna hangen nesansa. Aka gama Tiga a 1974, aka datse Tomas a tsakiyar shekarun nan. Noman rani ya bunƙasa, su ya zama sana'ar kullum, da kwalekwale da birgi da kalli da mamari.

Sai dai ruwan ya koma hannun hukuma, ikon sarkin ruwa ya raunana, ba a kuma samu wani hani mai ƙarfi da ya maye gurbinsa ba. Yau akwai masu jan taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba, tun ma a farkon damina lokacin da tarwaɗa ke fita yin ƙwai. Muna kira ga ƙungiyarmu ta zauna da hakimai da shugabannin masunta da jami'an sashen kifi na jiha, a tsayar da girman idon raga da watannin hutu kafin damina mai zuwa.